Tattaki Cikin Natsuwa: Rabon Ƙafa da Rabon Hankali

Mutum zai iya fita daga gida ya taka har inda za shi, idanunsa a buɗe, amma idan aka tambaye shi abin da ya wuce a hanya sai ya rasa abin faɗa, domin ƙafa ce kawai ta yi tafiyar, zuciya tana can tana saƙa da warwara a kan bashin jiya ko taron gobe. Dama an ce hankali ke gani, ido gululu ne. A shekarar 2010 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun auna wannan hali ta hanyar aika wa manya 2,250 tambayoyi a wayoyinsu a lokuta daban-daban na yini, suna neman sanin abin da mutum yake yi a daidai lokacin, da inda tunaninsa yake, da yadda yake ji a ransa. Sakamakon da suka wallafa a mujallar Science ya nuna cewa a kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan, hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi, kuma farin cikinsu ya fi raguwa a lokacin da hankalin ya tafi yawo.

Tattaki cikin natsuwa wani yunƙuri ne na rage wannan rata da ke tsakanin ƙafa da hankali. Mai tafiya yana ɗora hankalinsa da gangan a kan abin da ke faruwa a yanzu, kamar saukar diddige a ƙasa, da komawar nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan, da shigar numfashi da fitarsa, da ƙarar da kunne ke ji. Idan tunani ya ɗauke shi, kuma lalle zai ɗauke shi, sai ya lura da hakan ya dawo ba tare da ya tsangwami kansa ba. Wannan dawowar ita ce ainihin aikin, kuma mutane da yawa sukan fahimci abin a baibai, su ɗauka ana so ne su kori tunani gaba ɗaya, wanda ba ya yiwuwa ga mai rai.

Tushen al'adar yana cikin addinin Buda. A gidajen ibadar Zen na Japan ana kiranta kinhin, ana yin ta ne tsakanin zama da zama, kuma a wata mazhabarsu rabin taku kawai ake yi da kowane numfashi. A ƙasashe irin su Tailan, malaman addinin sukan ware 'yar gajeruwar hanya mai tsawon taku ashirin zuwa talatin suna kai da komo a kanta. Thich Nhat Hanh, malamin nan ɗan ƙasar Biyetnam da ya kafa cibiyarsa a Faransa a 1982 ya kuma rasu a 2022, yana cikin waɗanda suka fi yayata ta a ƙasashen Yamma. Shigarta asibiti kuwa ta biyo ta hannun Jon Kabat-Zinn, wanda a 1979 ya fara wani shiri na mako takwas a makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka domin masu fama da ciwo mai daɗewa da matsin rayuwa. Ya cire ibada da aƙida daga ciki ya bar horon hankali zalla, kuma wannan sigar ce akasarin masu bincike suke gwadawa a yau. Ya dace a faɗi haka saboda mabiya wasu addinai da kan yi ɗari-ɗari idan sun ji asalin abin: lura da takun ƙafa ba ya buƙatar mutum ya furta wata kalma ko ya yarda da wata aƙida.

Inda gizo ke saƙar shi ne, abubuwa biyu mabambanta ne suke amsa suna ɗaya, kuma rashin raba su yana rikita lissafin amfanin da ake danganta musu. Na farko shi ne tafiyar hawainiya irin ta gidajen ibada, wadda mutum zai iya shafe minti goma bai ƙetare ɗaki ba. Na biyu tafiya ce ta yau da kullum, ko ma mai ɗan sauri, wadda aka haɗa da lura. Dukansu suna horar da hankali, amma a wajen zuciya da huhu ba ɗaya suke ba.

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ya ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Kalmar da ke ɗauke da nauyi a nan ita ce matsakaici, wato motsin da zai sa bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya ɗan yi nauyi, har mutum ya iya magana amma ya kasa rera waƙa. Binciken Catrine Tudor-Locke da abokan aikinta ya nuna cewa ga yawancin manya ana kaiwa wannan mataki ne idan ana yin kimanin taku 100 a minti guda, wato taku 3,000 a rabin awa. Wanda yake ɗaga ƙafa sau ɗaya da kowane numfashi bai ko kusa da wannan ba. Saboda haka duk wanda ya maye gurbin tafiyarsa mai sauri da tafiyar hawainiya, yana zaton ya samu riba biyu, a haƙiƙa ya rage wa zuciyarsa aiki ne. Gaskiya ne cewa hukumar ta ce kowane motsi yana da amfani kuma ya fi zama wuri ɗaya, ta kuma janye tsohon sharaɗin nan na cewa sai motsi ya kai minti goma a jere kafin a lissafa shi, amma hakan bai mayar da tafiyar hawainiya matsakaicin motsa jiki ba.

Amfanin tafiya ita kanta, ko da natsuwa ko babu, abu ne da hujjojinsa suka yi ƙarfi. Tana rage haɗarin ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga nau'i na biyu, tana taimakawa wajen sauke hawan jini, tana kuma gyara barci. Adadin taku 10,000 da agoguna da wayoyi suke nanatawa bai fito daga ɗakin bincike ba, ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965, jim kaɗan bayan gasar Olamfik ta Tokiyo. Da I-Min Lee ta Harvard ta bi diddigin mata tsofaffi fiye da 16,000, rahotonta na 2019 ya nuna cewa masu yin kimanin taku 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 ƙarancin mace-mace, kuma ribar ta ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen 7,500 sannan ta daidaita. Wani nazari na 2022 da ya tattara bincike 15 ya gano cewa ga waɗanda suka kai shekara 60 ribar tana daidaita ne tsakanin taku 6,000 da 8,000, ga 'yan ƙasa da haka kuwa tsakanin 8,000 da 10,000.

Ke nan matsalar ba ta rashin sanin amfani ba ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 sun nuna cewa a 2022 kashi 31 cikin ɗari na baligai a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa kaiwa ma'aunin, kuma adadin ya ƙaru da maki biyar a kan na 2010. Mutane sun san ya kamata su taka, da yawa ma sun fara, amma bayan 'yan makonni sai takalmin ya koma ƙarƙashin gado. A ganina, a nan ne tattaki cikin natsuwa yake da abin cewa game da motsa jiki, kuma a nan ya kamata a auna shi.

Masu nazarin halayyar motsa jiki, musamman Panteleimon Ekkekakis, sun daɗe suna nuna cewa yadda mutum yake ji a ransa a daidai lokacin da yake motsa jiki yana da alaƙa da ko zai sake komawa. Ba jin daɗin bayan an gama ake nufi ba, wanda kusan kowa yana samu, jin da ake yi a tsakiyar aikin ake nufi. Idan motsin bai kai matakin haki ba, akasarin mutane suna jin daɗinsa, amma da zarar ya wuce wannan mataki sai jin daɗin ya zube, jiki ya fara neman a tsaya. Wanda ya fita da niyyar azabtar da kansa domin ya cika wani adadi, jikinsa zai ajiye wannan fita a matsayin wahala, kuma gobe da safe jikin ne zai yi gardama. Lura da jiki tana shiga nan ta hanyoyi biyu. Tana sa mutum ya gane da wuri cewa ya fara wuce gona da iri, ya rage sauri kafin tafiyar ta koma ukuba, sannan tana koya masa ya dubi ɗan zafin ƙafa ko ɗumin jiki a matsayin abin da ake ji kawai, wanda yake zuwa ya wuce, ba alamar ya koma gida ba. Tun a 1977 William Morgan da Michael Pollock suka lura cewa ƙwararrun masu gudun dogon zango sun fi sauraren jikinsu a lokacin tsere, suna daidaita sauri da abin da suke ji, maimakon su ɗauke hankali daga jikin.

Amma kada a yi wa hujjar ƙarin gishiri. Masu bincike a Jami'ar Bath ta Ingila sun wallafa wani gwaji a 2025 da ya ƙunshi manya 109 waɗanda ba sa kaiwa ma'aunin motsa jiki. An nemi kowa ya yi ƙoƙarin taku 8,000 a rana har kwana 30 da na'urar ƙirga taku, sannan aka ƙara wa rabinsu gajeren horon natsuwa ta manhajar waya. Rukunonin biyu duka sun ƙara motsi, kuma inda bambanci ya fito sarai shi ne a wajen niyya, domin masu horon natsuwa sun fi nuna ƙudurin ci gaba. Niyya tana da muhimmanci, ita ce matakin farko, sai dai kowa ya san tazarar da ke tsakanin niyya da aiki, kuma kwana 30 ba sa nuna abin da mutum zai yi bayan shekara guda.

A ɓangaren walwalar zuciya, gwajin da aka fi ambata shi ne na Michael Teut da abokan aikinsa a asibitin Charité na birnin Balin a Jamus, wanda aka wallafa a 2013. An raba mutum 74 masu fama da matsin rayuwa gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rukuni ɗaya ya yi zaman tattaki cikin natsuwa sau takwas a mako huɗu, ɗayan kuma aka ce ya jira. Matsin da rukunin farko yake ji ya sauka sosai idan aka kwatanta da na masu jira. Sakamako ne mai faranta rai, amma mai karatu da idon basira zai tambaya: mene ne ya yi aikin? Waɗannan mutane sun motsa jiki, sun fita sun sha iska, sun haɗu da wasu masu irin damuwarsu, sun samu mai kula da su, kuma sun san ana sa ran za su ji sauƙi. Waɗanda aka kwatanta su da su kuwa ba a yi musu komai ba. Gwaji irin wannan yana nuna cewa shirin ya fi zama haka kawai, amma ba ya iya ware rabon natsuwa daga rabon tafiya.

Gwaje-gwajen Jami'ar Chulalongkorn ta Tailan sun fi kusantar amsa, saboda sun sa tafiya da tafiya a kan sikeli ɗaya. A na 2014, an raba tsofaffi 45 masu alamun ciwon damuwa zuwa rukuni uku na tsawon mako 12: masu tafiya zalla, masu tafiya da natsuwa irin ta addinin Buda, da waɗanda ba a sa su motsa jiki ba. Rukunonin tafiya biyu duka sun ƙara ƙarfin jiki, amma alamun damuwar sun sauka ne a rukunin natsuwa kawai. A na 2016, masu ciwon suga 23 sun yi tafiyar minti 30 a kan injin tattaki sau uku a mako har mako 12, da ƙarfi iri ɗaya. Sugan jini na safe ya sauka a duka rukunonin, amma ma'aunin nan da ke nuna matsakaicin suga na watanni, da hawan jini, da sinadarin kotizol da jiki ke fitarwa a lokacin matsi, sun sauka ne a rukunin natsuwa. Abin lura biyu ne. Na ɗaya, a gwajin masu ciwon sugan ba tafiyar hawainiya aka yi ba, tafiya ce mai sa zuciya aiki wadda aka ɗora wa lura. Na biyu, mutum 23 adadi ne ƙarami ƙwarai, wanda sauyin mutum biyu ko uku zai iya juya sakamakonsa, kuma an yi gwajin ne a ƙasar da wannan al'ada take da ma'ana ta addini ga yawancin jama'a, abin da zai iya ƙara mata tasiri a zukatansu.

Babban nazarin da Madhav Goyal na Jami'ar Johns Hopkins ya jagoranta a 2014, wanda ya tattara gwaji 47 da mutum 3,515, ya ba da ma'auni mai kyau na yadda ya kamata a ɗauki horon natsuwa baki ɗaya. Ya samu hujja matsakaiciya cewa yana rage fargaba, da ciwon damuwa, da jin zafin ciwo, amma bai samu hujjar cewa ya fi magani ko motsa jiki ko sauran hanyoyin jinya ba. Wato abu ne mai amfani daidai gwargwado, kuma mai shan maganin damuwa ko na suga ba shi da dalilin ajiye maganinsa saboda ya fara tattaki.

Yadda natsuwa take taɓa zuciya ya fi fitowa idan aka dubi wasiwasi, wato juya tunani ɗaya mai ɗaci ana maimaita shi ba tare da an kai ga mafita ba, halin da aka daɗe da sanin yana ciyar da ciwon damuwa. Hankali yana da iyakar abin da zai iya riƙewa a lokaci guda, don haka idan aka cika shi da takun ƙafa da numfashi, wurin da ya rage wa wasiwasi sai ya ƙuntata. Akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da Marcus Raichle ya bayyana a 2001 waɗanda suke ƙara aiki idan mutum ba ya yin komai, tunaninsa yana kan kansa da jiya da gobe, kuma binciken Judson Brewer na 2011 ya nuna cewa aikin waɗannan sassa yana raguwa a wajen waɗanda suka daɗe suna horon natsuwa. Tafiya tana da fifiko a kan zama ga mutane da yawa, saboda wanda ransa ke a dagule yakan ji zama shiru tamkar kurkuku, alhali ƙafa mai motsi tana ba hankali abin kamawa da ke sabunta kansa da kowane taku.

Wurin tafiyar ma yana da nasa rabon. A wani gwaji na Jami'ar Stanford a 2015, mutanen da suka yi tafiyar minti 90 a cikin ciyayi da itatuwa sun samu raguwar wasiwasi, waɗanda suka yi tafiya mai tsawon haka a gefen titi mai cunkoson motoci kuwa ba su samu ba, kuma babu wanda aka koya wa natsuwa a cikinsu. Tunda yawancin shirye-shiryen tattaki cikin natsuwa a lambu ko wurin shaƙatawa ake yin su, wani kaso na yabon da ake yi wa natsuwa na itatuwa ne. Ba zan kuma yarda a mayar da yawon tunani abokin gaba ba. A Jami'ar Stanford ɗin dai, Marily Oppezzo da Daniel Schwartz sun nuna a 2014 cewa mutane sun fi kawo sababbin dabaru a lokacin da suke tafiya fiye da lokacin da suke zaune. Mai neman warware wata matsala ta aiki yana da haƙƙin ya sake wa tunaninsa linzami a wasu fitowin.

Akwai waɗanda ya kamata su yi hattara. Tafiya aiki ce da jiki ya saba yi da kansa, kuma nazarin koyon motsi, kamar na Gabriele Wulf, ya nuna cewa yawan sa ido a kan gaɓoɓi yakan dagula motsin da a da yake tafiya salin-alin. Tsoho mai tsoron faɗuwa, idan aka ce ya lura da kowace ɗagawar ƙafa, yana iya sandarewa ya daina duban gabansa. A gefe guda kuma, raba hankali yana da nasa haɗarin, domin wani rahoto daga Suwidin a mujallar Lancet a 1997 ya nuna cewa tsofaffin da sai sun tsaya da tafiya idan aka yi musu magana sun fi faɗuwa a watannin da suka biyo baya. Mafita ga irin waɗannan ita ce lura mai faɗi da ta haɗa da hanya da abin da ke gaba, a kan ƙasa mai sauƙin bi, da abin dafawa a kusa. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka fara mutuwa ba zai dogara da abin da tafin ƙafa ke gaya masa ba, sai ya sa takalmi mai kyau ya kuma duba ƙafar da ido bayan ya dawo. Haka nan wanda ya taɓa shiga wani mummunan tashin hankali, ko mai saurin firgita da bugun zuciyarsa, lura da numfashi tana iya tayar masa da abin da ya kwanta. Wani nazari na 2020 da Miguel Farias ya jagoranta ya kiyasta cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na masu horon natsuwa iri-iri sun gamu da wata illa, galibi fargaba ko damuwa. Ga irin wannan mutum ya fi dacewa ya mayar da hankalinsa waje, kan sauti da launi da iska, ya kuma tuntuɓi likitansa idan abin ya ci gaba.

Ga baligi mai ƙoshin lafiya da yake son ya ci ribar ɓangarorin biyu, tsarin ba shi da wuya. Rabin awa na tafiya mai ɗan sauri a kwana biyar na mako ya cika minti 150, ban da mintunan buɗewa da na rufewa. Yana iya buɗe kowace fita da minti biyar a hankali, wayarsa a aljihu, kunnensa a sake, yana jin yadda ƙafa ke sauka, abin da zai kuma zame masa ɗumama jiki. Daga nan sai ya ƙara sauri zuwa inda zai iya magana amma ba waƙa ba, ya bar hankalinsa a kan abu guda mai sauƙin riƙewa, misali ƙirga taku nawa ke shiga cikin jan numfashi ɗaya, ko jin lilon hannuwa. A bakin titi da mahaɗar hanya, lurar tasa ta koma kan motoci kacokan. Ƙirgar taku ta agogo kuwa a bar ta sai an dawo gida a duba, saboda mai leƙa agogo kowane minti biyu ya mayar da hankalinsa kan lamba, ya bar ƙafar da ya fito saurare. Minti biyar na ƙarshe sai ya sake sassautawa har numfashi ya koma daidai kafin ya shiga gida.